Wai me ya haɗa dankali da lalaci? Asalin couch potato

Ummu Hanif:
Slm jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah masu Turanci a taimaka min da wata tambaya da ta tsaya min a rai. Wai me ya sa Turawa ke ce wa mutumin da ba shi da aiki sai zaman kallo couch potato? Couch ɗin na gane, doguwar kujerar falo ce, to amma dankalin fa, me dankali ya yi musu? Abin da ake ci a ƙoshi me ya haɗa shi da lalaci, me ya sa ba su ce albasa ko kabeji ba

Sadauki:
Wslm Anti. Ai a fili yake, siffa ce kawai. Mutum ya jibge a kushin tun safe ba motsi, tumbi ya fito wuya ya shige, in kika kalle shi ai dankali ne sak. Ƙari kuma abin da suke ci suna kallon ma soyayyen dankali ne na leda. Ba wani dogon tarihi a ciki

Tichan Turanci:
Sadauki ɗana, akwai tarihi kuwa, kuma irin wanda ba kasafai ake samu ba. Yawancin kalmomin kan titi ba a san bakin da ya fara furta su ba, sai dai a wayi gari a ji kowa na faɗa. Wannan kuwa an san mutumin, an san shekarar, an san jihar. Sunansa Tom Iacino, a Kalifoniya ta Amurka, shekarar 1976. Yadda shi ya bayar da labarin, waya ya buga gidan wani abokinsa, budurwar abokin ta ɗauka, sai ya tambaye ta wai couch potato ɗin nan yana nan? Ta waiga ta ga mutumin kuwa shame-shame a kan kujera gaban tibi, ta fashe da dariya. Daga nan ta shiga bakin abokai.

Amma da a nan ta tsaya da ta mutu a nan, kamar dubban sunayen tsokana da abokai ke laƙaba wa juna. Wanda ya fito da ita kasuwa wani abokinsu ne Robert Armstrong, mai zanen barkwanci ne kuma makaɗi. Shi ya zana dankali kwance a kan kujera yana kallon tibi, ya yi wa sunan rajista a matsayin tambarin kasuwanci, suka kafa ƙungiya, aka buga riguna, suka riƙa fitar da ƴar mujalla, a 1983 shi da wani marubuci Jack Mingo suka fitar da littafi sukutum a kan yadda ake zama cikakken ɗan ƙungiya.

Abin da nake so Hajiya ki riƙe shi ne, da farko ba zagi ba ne. Su suka raɗa wa kansu sunan, suna alfahari da shi.

Ummu Hanif:
Ikon Allah. Malam alfahari da lalaci kuma? Har da ƙungiya?

Bakano a Amurka:
Malam ya faɗi gaskiya, bari in ɗan ƙara haske ta ɓangaren garin, don sai an san Pasadena, garin da ƴan ƙungiyar suka fito fareti, ake gane abin. Pasadena tana gefen Los Angeles ne. Duk 1 ga Janairu ana yin wani gagarumin fareti a garin da ake kira Rose Parade, tun 1890 ake yin sa, motoci ne manya-manya a lulluɓe da furanni tun daga sama har ƙasa, ga dawakai ga ƴan badujala, komai a tsare ba a son kuskure, duk ƙasar ana kallo a tibi. Suna da wata al'ada, ba sa yi ranar Lahadi, in 1 ga wata ta faɗo Lahadi sai a ɗaga zuwa Litinin. To a 1978 haka ta faru, titi ya zama fayau ranar, sai wasu mutanen garin suka ce bari su ma su yi nasu faretin na shirme don tsokanar wancan, suka sa masa suna Doo Dah Parade. Kowa ya zo da abin dariyar da ya ga dama.

A wannan faretin ne su Armstrong suka fito. Jaridar Los Angeles Times a watan Disamba 1979 ta rubuta cewa ƴan Couch Potatoes za su kwanta a kan kujerunsu suna kallon tibi ana jan su a kan titi. Wannan rubutun na jarida shi ne masu ƙamus ke kawowa a matsayin farkon fitowar kalmar a buge. Ku duba fa, kowa na tattaki yana gumi yana kaɗe-kaɗe, su kuwa ko kallon ƴan kallo ba sa yi, idonsu na kan akwati.

Kuma lokacin ya taimaka musu, don shekarun 1970 ne guguwar guje-guje ta kama Amurka musamman Kalifoniya, kowa ya sayi kambas ya fita sassarfa da asuba, ana ta wa'azin rage ƙiba da cin ganye, a 1982 kaset ɗin motsa jiki na Jane Fonda ya fito ya shiga gidaje ba adadi. Su waɗannan sai suka ce mu dai mun gaji da a riƙa sa mu jin kunyar abin da muke so, kallo muke so kuma za mu yi

Sadauki:
To na ji tarihin Yaya, amma har yanzu ba a amsa wa Anti ba ai. Me ya sa DANKALI? Shi mutumin da ya buga wayar me ya gani? Ni dai ina kan bakata, siffa ya gani

Oga Mai Gyara:
Ku ba ni wuri nan fagena ne. Yaran yanzu ba su san tibi mai ƙaton baya ba, sun tashi sun ga falange a manne a bango. Da can in ka kwance bayan tibi abin da za ka tarar wata ƙatuwar kwalba ce guda ɗaya, gabanta faffaɗa shi ne gilashin da kuke kallo, bayanta ya tsuke ya yi dogon wuya, an zuƙe iskar ciki tas. A ƙarshen wuyan akwai wani ɗan abu da ke yin ja in ya ɗau zafi, shi ke harbo wuta ta zo ta daki gilashin ta ciki layi-layi da sauri har hoto ya fito. Shi ya sa in ka kunna ba ta kawowa nan take, sai ka fara jin murya tukuna hoton ya taso a hankali, in ka kashe kuma hoton ya tattare ya koma ɗan ɗigon haske a tsakiya kafin ya ɓace. Ko an zare ta daga soket ba ma bari yaron shago ya kai hannu wajen robar nan da ke manne a jikin kwalbar sai an sauke wutar da ta riƙe, don tana iya wurgar da mutum.

Wannan kwalbar ita ake kira tube, mu tiyub muke cewa. Ita ce tibin gaba ɗaya, in ta mutu gara ka sayi wata. Shi ya sa Amurkawa suke ce wa tibi the tube kawai. Malam ya ƙarasa daga nan, ni iya nan na sani da hannuna

Tichan Turanci:
Madalla Oga, ka share min hanya. Tun shekarun 1960 masu raina tibi a Amurka ke kiranta boob tube. Boob a nan wawa ake nufi ko gaula, wato akwatin da ke mayar da mutum wawa. To a Turanci duk abincin da ke yin ƙwaya a ƙarƙashin ƙasa irin dankali da doya ana kiransa tuber. Kuma kun san in suna so su ce mai yin abu sai su liƙa er a ƙarshe, kamar teach da teacher. Kenan mai zaman tube ya zama tuber, tuber kuwa dankali ne. Kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu. Su Armstrong sun yi wasa da wannan sosai, mujallar tasu ma The Tuber's Voice suka sa mata.

Ga wani abu da za ku ji daɗinsa, wannan tube ɗin dai shi ne a cikin YouTube da aka kafa a 2005. Kwalbar da Oga ya kwatanta ta tafi, sunanta na nan a wayar kowa.

Sadauki:
Malam da girmamawa, nan fa ban yarda ba. Kai da kanka ka ce waya ya buga maganar ta fito masa. Wa zai tsaya yana lissafin tube, tuber, dankali a cikin daƙiƙa ɗaya yana jiran a ba abokinsa waya? Wannan bayanin ya yi kyau da yawa, kamar daga baya aka ɗinka shi aka sa wa kalmar. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, in shi bai ce haka ya nufa ba mu ba mu da hurumin cewa

Bakano a Amurka:
Sadauki na da hujja fa Malam. Ni ma yadda na fahimci labarin Iacino maganar subuto masa ta yi. Kuma tun kafin lokacin Turawa na kwatanta wanda ba ya motsi da kayan lambu, suna da kalmar vegetate, wato mutum ya zauna kamar shuka ba tunani ba aiki. To in za ka zaɓi ɗaya a cikin kayan lambu wanda ya fi kama da mutumin da ya nutse a kushin ai dankali za ka ɗauka, dunƙulalle ne, mai nauyi, inda ka ajiye shi nan za ka dawo ka same shi. Har ƴan ramukan nan na jikinsa da tsiro ke fitowa eyes suke ce musu, idanu. Abu ne mai idanu da yawa ba ƙafa

Tichan Turanci:
Ban ƙi taku ba, amma ku raba tambaya biyu. Ta farko me ya sa mutum ɗaya ya faɗe ta ranar nan, ta biyu me ya sa ta rayu. Ta farko ku ɗauka, siffa ce, na ba ku. Ta biyu kuwa ina nan a kan cewa ba don tuber ba da ba ta kai ko'ina ba. Mai zane yana buƙatar abin da zai gina barkwanci a kai shekara da shekaru, siffa kaɗai zane ɗaya ce ta ƙare. Ma'ana biyun nan ita ta ba su sunan mujalla, ta ba su abin rubutawa a riga, ta sa ɗan jarida ya ga abin ɗauka. Wanda ya haifi kalma daban, wanda ya raine ta daban, kuma a wajena rainon ya fi haihuwar wuya.

Sannan kar a manta da abin da ke faruwa a falon Ba'amurke a daidai shekarun. Bidiyon kaset na VHS ya shiga kasuwarsu a 1977, tashar wasanni ta ESPN 1979, CNN mai labarai dare da rana 1980, MTV 1981. Kafin nan tashoshi manya uku ne suka riƙe ƙasar. Kwatsam sai ga abin kallo ba ya ƙarewa. An samu sabon irin mutum a gidaje, ana neman sunan da za a kira shi, sai ga suna a shirye. Kafin ƙarshen shekarun 1980 har ƴar tsana an yi, a 1989 har shirin kacici-kacici aka yi a tibi da sunan.

Oga Mai Gyara:
Malam ka manta rimot, shi ne uban tafiyar. Da sai ka tashi ka je ka murɗa da hannu, ko a aiki ƙaramin gida. Kamfanin Zenith na Amurka ya fitar da rimot tun 1950, mai igiya ne ana jan wayarsa daga tibi har kujera mutane na tuntuɓe da ita, kun san sunan da suka sa masa? Lazy Bones. Wato su da kansu masu sayarwa sun san abin da suke sayarwa. A 1955 suka yi marar igiya mai aiki da haske kamar tocila, a 1956 suka yi mai aiki da sauti

Tichan Turanci:
Lazybones kuwa tsohuwar kalma ce sosai, tun ƙarshen ƙarni na 16 take a Turanci, zamanin Shakespeare. Kusan abin da muke cewa mai mataccen jiki.

Alhaji Mai Dankali:
Assalamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ina jin abin a raina, ku yi haƙuri in na yi tsawo. Ni sana'ata kenan, daga Bokkos da Mangu nake ɗauko kaya in kai Kano. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake noman dankalin Turawa ba zai haɗa sunansa da lalaci ba wlh. A yi kunya da fartanya cikin sanyin Filato da ke tsaga hannu, a nemi iri mai kyau da tsada, a sa taki, a yi ta feshi don in damina ta yi yawan ruwa da hazo akwai cutar da ke bin ganye ta ƙone shi baƙi ƙirin cikin ƴan kwanaki, gona guda ta tafi kana kallo. Irin cutar nan ce ta afka wa ƙasar Ayalan a 1845, yunwa ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya wasu da yawa suka yi hijira, saboda dankalin shi ne abincinsu. In Allah ya sa ya yi, mata da yara su duƙa su tono su tsince, a ware manya da ƙanana da waɗanda fartanya ta sara, a ɗinke buhu, ƴan dako su ɗora a kafaɗa su hau katako su jera a mota cikin dare don kar rana ta dafa shi a hanya. Ku je kasuwar Maikatako ranar da take ci ku ga ko akwai mai zama.

Abincin da ya riƙe ƙasashe a ce shi ne sunan rago, ni ban ga adalci a nan ba ko da wasa aka fara

Anti Nas:
Alhaji ba kai kaɗai ba ne, manoman nan Ingila sun riga ka. A watan Yunin 2005 hukumar masu dankali ta Birtaniya ta shirya zanga-zanga, manoma suka tsaya da kwalaye a gaban majalisa a Landan da kuma gaban ofishin masu buga ƙamus ɗin Oxford, suna cewa a cire kalmar daga ƙamus don tana ɓata wa dankali suna, mutane na ɗauka abinci ne mai kawo ƙiba alhali yana da bitamin C da sinadarin fotasiyam kuma shi kansa kusan ba mai a jikinsa. Har madadi suka kawo, wai a riƙa cewa couch slouch. Kalmar ta shiga ƙamus ɗin tun 1993. Ba a cire ba, babban editan lokacin John Simpson ya nuna musu cewa ƙamus abin da jama'a ke faɗa yake rubutawa

Alhaji Mai Dankali:
Allah ya saka wa manoman nan. Ni ina bayansu Anti. In kalma na cutar da sana'ar mutane me zai hana a cire? Ai yaro in ya gani a ƙamus ɗauka yake daidai ne

Tichan Turanci:
Alhaji ranka ya daɗe, ina jin zafin da kake ji, amma a nan editan ya fi su gaskiya. Mai ƙamus kamar ma'aikacin da ke rubuta takardar haihuwa ne, ba shi ya raɗa sunan ba, ba kuma zai ƙi rubutawa don sunan bai yi masa daɗi ba. In aka cire, mutane ba za su daina faɗa ba, illa iyaka Hajiya Ummu Hanif ta ji kalmar a fim ta buɗe ƙamus ta rasa. Wanda aka cuta shi ne mai koyo. Kuma babban ƙamus ɗin Oxford na tarihi ne, kalmomin da aka daina amfani da su shekara ɗari biyar ma suna ciki, balle wadda ke bakin kowa. Ka duba ita couch slouch ɗin, an yi mata zanga-zanga an buga a jaridu, yau wa ka ji yana faɗa? Ba a tilasta wa baki kalma.

Alhaji Mai Dankali:
Malam na ji, amma ban sauka ba. Ko ba a cire ba ai sun sa duniya ta yi magana a kan amfanin dankali na kwana biyu, wannan ma riba ce. Kuma laifin na mai ne da gishiri ba na dankali ba, dafa shi ki ci da miya ki gani Anti in ƙarya nake

Anti Nas:
Ba ƙarya Alhaji, suyar ce matsala.

Ni abin da ya fi damuna daban ne. Malam ya ce da farko ba zagi ba ne, na yarda, amma yanzu zagi ne, kuma ina ganin inda yake sauka. Ba duk wanda ya kwana ya wuni a kujera ne malalaci ba. Akwai mai ciwon damuwa da ko wanka sai ya yi yaƙi da kansa, akwai mai ƙarancin jini, akwai wanda maƙoƙon wuyansa ba ya aiki yadda ya kamata kullum a gajiye, akwai tsohon da matarsa ta rasu ƴaƴa sun watse tibin nan ita ce kaɗai muryar da yake ji a gidan, wannan kam a ƙasar nan ba ɗaya ba ba biyu ba. In ka ce masa dankalin kujera ka gama da shi, ya ƙara shigewa ciki. Mu a wajen aiki ba ma faɗa wa marar lafiya. Abin da ake yi sai a nuna masa hanya, hukumar lafiya ta nan tana da wani shiri a waya Couch to 5K, mako tara, sau uku a mako, ka fara da tafiya kana haɗawa da sassarfa ta minti ɗaya har ka kai kana gudun rabin awa. Kun ga sun ɗauki kujerar sun bar dankalin. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 ta ce babba ya samu a mako na motsa jiki matsakaici, in ka raba kwana biyar rabin awa ne kawai

Ummu Hanif:
Anti Allah ya biya ki, wannan magana ta shige ni. To Malam in za mu faɗa da Hausa me za mu ce? Ni cima-zaune ta zo min

Sadauki:
Ko ɗan zaman kashe wando

Tichan Turanci:
Duka biyun sun kusa amma ba su hau daidai ba, kuma bambancin shi ne gishirin maganar. Cima-zaune laifinsa a kan wani yake, wani ke nema shi yana ci. Zaman kashe wando kuwa rashin aikin yi ne, kuma a waje ake yin sa, a dakali ko gindin bishiya cikin abokai ana hira. Shi couch potato yana iya zama ma'aikaci mai albashi da ke biyan haya da kuɗin makaranta, ba ya cin na kowa, sai dai daga ya dawo gida ya ɗau rimot shikenan an rasa shi har barci. Ba a ce ba ya nema ba, cewa aka yi ba ya motsi, kuma shi kaɗai ne da akwati. Ba mu da kalma ɗaya da ta ɗauke wannan, sai dai mu ce sarkin kallo ko mai son jiki.

Wadda ta yi daidai da cima-zaune tana Ostareliya, bludger. Asalinta mummuna ne, kawalin da ke rayuwa da kuɗin karuwa ake nufi, daga baya ta koma duk mai zaune a kan gumin wani, har suna cewa dole bludger ga wanda suke zargin ya ƙi neman aiki yana karɓar tallafin gwamnati.

Bakano a Amurka:
Nan kuma wadda ta fi ciwo a tarihi slacker ce. Yanzu matashin da ba ya son wahala ake nufi, amma lokacin yaƙin duniya na farko wanda ya guje wa shiga soja ake kira haka, kuma ba wasa ba ne. A watan Satumba 1918 a New York sojoji da ƴan sa-kai suka bazu tashoshin jirgi da gidajen kallo da kan titi suna tare duk namijin da ya kai shekarun soja, in ba ka da katin rajista a aljihu a tafi da kai. Dubun-dubatar mutane aka tsare cikin kwana uku, da aka tantace kaɗan ne ƙwarai masu laifin, har a majalisar dattawa sai da aka yi ta suka. Cikin soja kuma wanda ke nuna kamar yana aiki alhali zillewa yake goldbrick suke ce masa, daga damfarar da ake yi a ƙarni na 19 ta shafa wa dunƙulen ƙarfe ruwan zinare a sayar wa mai kwaɗayi. Waɗannan duk wasu ne suka jefi wasu da su cikin fushi, ita ta dankalin ce masu ita suka ɗauka da kansu

Ummu Hanif:
Ni fa Yaya ko su suka raɗa wa kansu ban ga abin burgewa ba. Magidanci da iyali ya kwanta ana jan sa a titi yana kallon tibi, yara na gani. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, abin da za a koya wa yaro kenan ba wannan ba

Bakano a Amurka:
Anti ai shi Armstrong ɗin ba rago ba ne, mutumin da ke zane yana kiɗa yana buga mujalla yana amsa wasiƙun ƴan ƙungiya, aiki ne ja. Abin da suke tsokana shi ne masu kallon tibi a ɓoye su fito waje suna cewa su ba sa kallo sai karatu. Munafuncin suke yaƙa. Amma na yarda da ke cewa in saƙon ya bar hannun masu shi ba ya zuwa da bayani, yaro dankalin kawai zai gani

Sadauki:
Malam tambaya ta ƙarshe daga ni, ina shirin jarrabawar Turanci ta fita waje, zan iya sa ta a rubutu? Sannan wanda waya ce tasa ba tibi ba fa, shi me ake ce masa

Tichan Turanci:
A ɓangaren magana da baki ka sa, za ta nuna ka san yaren mutane, amma sau ɗaya ya isa kuma a inda ta dace, misali in an tambaye ka yadda kake hutun ƙarshen mako. A rubutun insha'i ko wasiƙar neman aiki kar ka kuskura, can sedentary ake so, wato mai yawan zama. Jam'inta potatoes ne da es, nan ɗalibai ke yawan faɗuwa. Kar kuma ka faɗa wa wanda ya girme ka ko wanda ba ku saba ba.

Na kwamfuta an ƙirƙiro masa mouse potato a shekarun 1990, ta shiga wasu ƙamusoshi amma ba ta kama baki sosai ba. Na waya kuwa har yanzu couch potato ɗin dai ake ce masa in a kwance yake.

Alhaji Mai Dankali:
Sadauki in za ka ba da misalin a jarrabawar ka ƙara musu da cewa dankalin asalinsa daga tsaunukan Peru da Bolibiya yake, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, mu muke ce masa na Turawa amma su ma baƙo ne a wajensu. Sabon kaya na fara sauka kasuwa wajen watan Yuli, lokacin ya fi araha, mai so ya yi min magana ta gefe